Daɓe, Dutse da Siminti: Zaɓin Shimfiɗar Tsakar Gida a Jega da Aliero da Maiyama



Batun da za a yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, har wani zai ce bai kai a tara mutane a zauren jami'a dominsa ba. Batun kuwa shi ne ƙasar da ake takawa a tsakar gida, da abin da ya kamata a shimfiɗe ta da shi. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Aliero da Jega, ta gangara Maiyama zuwa Koko da Yawuri, zai ga masu buga bulo a bakin titi sun jera wasu ƙananan tubalan siminti, wasu jajaye wasu ruwan toka, waɗanda ake kira intalok. Zai kuma ga ana juye duwatsu daga tifa a ƙofar gidajen da ake ginawa. Maigidan da ya gama ɗakuna da katanga, aljihunsa ya soma sanyi, sai ya tsaya tsakanin waɗannan abubuwa biyu yana tambayar birkila: wanne ya fi kyau, wanne ya fi araha?

Abin da wannan lacca ke son nunawa shi ne, waɗannan tambayoyi sun yi gaggawar zuwa. Akwai waɗanda suka girme su: me ake yi a tsakar gidan nan, su wa ke yin sa, kuma ina ruwan sama zai bi in ya sauka? Hausawan dauri sun san waɗannan tambayoyi, suna kuma da amsarsu. Saboda haka daga wajensu ya kamata a fara.

Tsakar gida da daɓe

A tsarin gidan Bahaushe, baƙo namiji iyakarsa zaure, ko shigifa in ya sami shiga ƙwarai. Abin da ke bayan nan shi ne cikin gida, filin da ke tsakanin ɗakuna kuwa shi ne tsakar gida. Nan ake daka da sussuka da shiƙa da tankaɗe. Nan murhu yake, nan ake wanke-wanke da wankin tufafi, nan ake shanyar tsaba da kuɓewa da barkono. Nan yaro ke koyon rarrafe, nan tsohuwa ke shimfiɗa tabarma ta yi kaɗi ko saƙar faifai. Ranar suna ko biki nan mata ke taruwa. In bazara ta yi tsanani, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a wannan yanki kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, nan ne gida duka ke kwana. Watau tsakar gida ma'aikata ce da rana, ɗakin kwana da dare, kuma galibin masu amfani da ita mata ne da yara.

Yadda aka saba tun da, ba a rufe wannan fili duka da wani abu mai tauri. Ana share shi safe da yamma, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, wani gidan a zuba rairayi mai laushi. Inda ake son tauri da santsi, kamar cikin ɗaki da bakin ƙofarsa da wurin shanya, sai a yi daɓe. Ga yadda aikin yake. Za a baje wurin a daidaita shi, a ɗebo birji, watau ƙananan tsakuwar marmara, a shimfiɗa, a jiƙa da ruwa. Sa'an nan mata su jeru, kowacce da madaɓinta na itace, su yi ta bugu suna ja da baya, suna waƙa, bugun madaɓi shi ne kiɗan. In wuri ya kwanta, sai a yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa, a sake bugu. Makuba ita ke ɗaure birjin, ta ba shi duhun launi da sheƙi, ta kuma rage masa shan ruwa. Sau da yawa akan yi wannan aiki ne gab da tarewar amarya, kuma gayya ake yi, ba jinga ba: a dafa abinci, maƙwabta da dangi su zo.

Masu nazarin adabin baka sun daɗe da sanya waƙoƙin daɓe cikin waƙoƙin aiki na mata, tare da na daka da na niƙa da na raino. A cikinsu ne kishiya ke yi wa kishiya habaici, a cikinsu ake zambo da yabo da nasiha ga amarya. Amma akwai abin da masu nazarin adabi ba su cika tsayawa a kansa ba. Matan da ke daɓe su ne kuma za su zauna a kan daɓen. Su ke cewa nan a ɗaga, nan a kwantar, ga inda ruwa zai gangara zuwa rariya, ga inda za a bari ƙasa zalla saboda turmi. Mai aiki da mai amfani mutum ɗaya ne, saboda haka da wuya a yi kuskuren da za a daɗe ana fama da shi.

Da siminti ya yawaita, kalmar ba ta mutu ba. Har yau ana cewa daɓen siminti, ko da yake babu madaɓi a cikinsa, babu makuba, babu waƙa. Kalma ta tsira, aiki ya sauya hannu. Ya tashi daga hannun mata ya koma na birkila, ya tashi daga gayya ya koma ciniki. Shawarar kuma ta bar tsakar gida ta koma ƙofar gida, inda maigida da birkila ke yanke ta a tsaye. Yawancin kurakuran da za a ambata nan gaba daga wannan sauyi suka samo asali.

Dutsen wannan ƙasa

In aka ce dutse, sai a tambaya, wane dutse? Gama ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ba ƙasar manyan duwatsu ba ce irin na Zuru ko Kwatarkwashi. Masana kimiyyar ƙasa sun nuna cewa wannan yanki yana cikin babban kwarin Sakkwato ne, wanda ya miƙa har cikin Jamhuriyar Nijar, kuma abin da ya shimfiɗu a mafi yawansa yashi ne da laka da dutsen yashi, waɗanda suka laƙaba wa sunan Gwandu. Tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da ake hangowa daga mota, abin da ya hana ruwa cinye su shi ne hular marmara mai ƙarfe da ke bisansu. Wannan marmara ita ce dutsen gida. Launinta ja ne mai duhu, jikinta kaushi da ramuka. Tana da wata ɗabi'a da magina a ƙasashe da yawa suka lura da ita: wadda ke binne da danshi takan saru da sauƙi, in ta sha iska da rana sai ta taurare. Wani likita ɗan Birtaniya, Francis Buchanan, ya ga mutanen Malabar ta Indiya suna sarar ta kamar tubali suna gini, shi ne a 1807 ya raɗa mata sunan da masana ke kiranta da shi, daga kalmar Latin mai ma'anar tubali.

Ba sai an je Indiya neman shaida ba. Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, an yi ganuwarsa da dutse da ƙasa. Sarakunan Kabi sun bar garin tun farkon ƙarni na 18 suka koma Birnin Kabi, amma har yanzu ana ganin ragowar ganuwar a tsaye. Saboda haka babu mai gardama a kan ƙarkon dutsen wannan ƙasa. Abin lura shi ne inda magabata suka sa shi. Sun sa shi a ganuwa da tushen gini da bakin rijiya da murhu, sun kuma dora rumbu a kansa don gudun danshi da gara. Sun farfasa shi ya zama birji sun yi daɓe. Ba su ɗauki manyan gutsattsarinsa suka jera a inda ake tafiya ba takalmi ba, don sun san kaushinsa, sun kuma san yadda yake riƙe zafi.

Ɗaya dutsen da ake magana a kansa shi ne mai taurin nan da ake kira giranit, da sauran falalen duwatsu da ake fasawa fale-fale. Wannan sai an tafi ƙasashen tsauni, kamar kudu maso gabashin jihar wajen Zuru da Yawuri, ko wasu jihohi, kafin a samo shi. Nan ne lissafi ke sauyawa. Mita ɗaya mai fuska shida ta giranit, watau mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta ya kai tan 2.7. Wanda ya sayi irin wannan dutse a Jega, babban rabon kuɗinsa na mai ne da tifa, ba na dutse ba. Sa'an nan shimfiɗa shi yana son gwani, domin kowane gutsure da kaurinsa da siffarsa, sai an sassaƙa an gwada an cire an mayar. Amma in an yi shi daidai, launinsa ba ya kodewa, gama launin har cikinsa yake, kuma jika zai gaje shi kamar yadda kaka ya bar shi.

Siminti da intalok

Siminti baƙo ne, amma ya daɗe har ya zama ɗan gari. A Ingila aka yi rajistar irin wanda ake amfani da shi yanzu, a 1824, da sunan wani magini, Joseph Aspdin. A nan kuwa, an kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, ma'aikatarsa da ke Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara aiki a 1967, saboda dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe a wurin. Daga baya ta koma hannun kamfanin BUA, aka kuma faɗaɗa ta. Abin dariya a nan shi ne, wanda ya zaɓi siminti ya bar dutse, shi ma dutse ya saya, sai dai an ƙona shi an niƙa an zuba a buhu mai kilo 50.

Shi intalok asalinsa ƙasar Holan ne. Mutanen can sun saba shimfiɗa titunansu da jan bulo, domin ƙasarsu mai lotsawa ce, suna bukatar abin da za a iya cirewa a gyara ƙarƙashi a mayar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jan bulo ya yi ƙaranci saboda sake gina gidaje, sai suka koma zuba irinsa da kankare. Jamusawa suka ɗauka suka ƙirƙiro siffofi masu shiga cikin juna. Wannan tarihi yana da amfani, don ya nuna hikimar abin. Ƙarfin intalok ba a tubali ɗaya yake ba. Yana cikin yadda tubalan suka matse juna, da yashin da ya cika tsakaninsu, da dakalin kankaren da ya tokare su a gefe, da kuma ƙasar da aka danne a ƙarƙashi. Ba a liƙa shi da siminti. Ranar da aka so jan famfo ko gyaran kwata, sai a ɗaga inda ake so, a gama a mayar, babu fashe-fashe. Wannan falala ce babba da daɓen siminti ba shi da ita, dutsen da aka liƙe da siminti ma haka.

Ƙa'idarsa sananniya ce. Inda mutane kawai ke bi, kaurin santimita 6 ya isa. Inda mota ke hawa, santimita 8. Ƙarƙashinsa a sa yashi mai kaifi wanda bai wuce santimita 3 ko 4 ba, ƙarƙashin yashin kuma marmarar da aka jiƙa aka danne sosai. Ga marmara ta sake dawowa ta bayan gida. Tubalin da tsawonsa santimita 20 ne, faɗinsa 10, guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya. Tsakar gida mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi za ta ci guda 5,000, kuma in an bi ƙa'idar kwaɓi, simintin da zai shiga cikinsu ya kai wajen buhu 40.

To, a nan gizo ke saƙar. Farashin siminti ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa na Nijeriya. Mai buga intalok da ke son ya sayar da araha, hanyarsa ɗaya ce, ya ja buhu ya yi tsawo, yashi ya yi yawa siminti ya yi kaɗan. Sa'an nan kankare yana bukatar a riƙa shayar da shi ruwa a inuwa kwanaki da dama, kuma sai ya yi kwana 28 ake ɗaukar cewa ƙarfinsa ya cika. Wanda aka zuba a mazubin roba yau, aka shanya a ranar Afrilu gobe, aka ɗora a mota jibi, ya bushe ne kawai, bai nuna ba. A ido ba shi da laifi, har sheƙi yake. Damina biyu sai fuskarsa ta soma zubewa, tsakuwa ta fito, jan launin da aka shafa a samansa ya koɗe, wani farin abu kamar kanwa ya tsatso. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai saye na iya gwadawa tun a wurin: ya haɗa guda biyu ya buga, mai kyau ƙara yake kamar ƙarfe, marar kyau sai ya yi dum, ya karce gefe da ƙusa ya gani ko zai zubo, ya kuma sa a fasa ɗaya ya dubi cikinsa.

Rana da ruwa

Yanzu sai a koma ga tambayoyin farko. Na ɗaya, zafi. Dutse da kankare duka suna shan zafin rana tun hantsi, su adana shi, su riƙa sakinsa bayan faɗuwar rana. Mai duhun launi ya fi sha. Wannan ya sa marmara da baƙin giranit suka fi intalok mai ruwan toka zafi, jan intalok kuwa yana tsakani. Gidan da aka rufe tsakarsa duka, aka kewaye da doguwar katangar bulo, aka sare bishiyar da ke tsakiya don kada saiwarta ta ɗaga shimfiɗa, to an gina tanda ne. Da azahar yaro ba ya iya taka wurin da ƙafa, da dare a shimfiɗa tabarma a ji ƙasa na huci har tsakar dare. Ƙasa zalla in an yayyafa mata ruwa da la'asar, tana tsotse shi tana sakinsa a hankali, wurin ya yi sanyi. A kan dutse ko kankare, ruwan da aka watsa kafin a juya ya ƙafe. A garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma kwanan waje a bazara ba zaɓi ba ne, wannan magana ta lafiyar tsofaffi da jarirai ce.

Na biyu, ruwa, kuma nan ya kamata a ɗan daɗe. Daminar wannan yanki gajeriya ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwanta a dunƙule yake zuwa. Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Tsakar gidan nan mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 5,000 ce ta sauka a kanta, watau duro 25 na lita 200, ban da abin da kwanon rufi da indararo suka zubo. Da can ƙasa kan sha wani kashi, sauran ya bi rariya sannu a hankali. In an rufe wurin da dutse aka liƙe tsakaninsa da siminti, babu ɗigon da zai nutse, duka zai fita, kuma a guje. Intalok ya ɗan fi sauƙi da farko saboda yashin tsakaninsa, amma bayan 'yan shekaru ƙura da dauɗa kan toshe shi, ya zama kusan ɗaya da daɓen siminti.

Ina ruwan nan zai tafi? Lungu zai bi. A tsofaffin unguwannin Jega, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, wanda kasuwarsa ta yi suna a ƙarni na 19, gidaje manne suke da juna, lunguna matsattsu, da yawan katangu kuma har yanzu na ƙasa ne. Mai hali ya ɗaga tsakar gidansa da marmara, ya shimfiɗa intalok, ya huda katanga ya saki ruwa. Maƙwabcinsa da ke gangare, wanda ba shi da halin ɗaga nasa, shi zai kwana yana kwalfa, kuma gindin katangarsa ne zai jiƙe har ta kwanta. Garin yana bakin gulbin Zamfara, mutanensa sun san ambaliya. Ta 2020 ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a sassa da yawa na Jihar Kabi. Ambaliyar gulbi ba ta hannun kowa. Amma ƙaramar ambaliyar lungu, wadda ba ta shiga labarai, da yawanta aikin hannu ce.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce a shari'a. Malaman Malikiyya sun yi bayani mai tsawo a kan haƙƙin maƙwabci a sha'anin gini, har wani magini na Tunis, Ibn Rami, ya rubuta littafi sukutum a kai a ƙarni na 14. A nan gida ma, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara hukunce-hukunce a 1836 domin amfanin alƙalai, cikinsu har da na gini da maƙwabtaka. Jega da Aliero da Maiyama duk a ƙarƙashin masarautar Gwandu suke. Tushen hukuncin shi ne hana cutarwa: mutum na da ikon yin abin da ya so a cikin mallakarsa, muddin bai jawo wa na kusa da shi ɓarna ba. Birkilan da ke auna gangarar tsakar gida, ko ya sani ko bai sani ba, a cikin wannan babi yake aiki.

Aikin yau da kullum

Saura aikin da ake yi a wurin. Ko da yake injin niƙa ya rage daka, turmi bai bar gida ba. Ana dakan fura da yaji da daddawa da sakwara. Turmi a kan intalok yakan lotsar da tubalan da ke ƙarƙashinsa, wurin ya zama kwari mai tara ruwa. A kan falalen dutse kuwa gindin turmin ne ke tsagewa, taɓarya na dawo da bugu a kafaɗar mai daka. Murhun itace a kan kankare yakan fasa shi. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo yana shiga jikin intalok ya bar tabo, inda inuwa take kuma gansakuka ta fito. Dutsen da aka goge ya yi santsi, irin wanda ake sha'awa a gidajen Abuja, in ya jiƙe tarko ne ga tsohuwa da mai ciki. Aliero ta yi suna da masu ɗori, amma ba dalili ba ne na a ƙara musu aiki.

Shanya ma da nata hukuncin. Noman shinkafa ya ƙaru a wannan yanki, musamman bayan shirin ba manoma rance da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Birnin Kabi a Nuwamba 2015, kuma mata da yawa a Jega da Maiyama suna turara shinkafa su shanya a gida. Tsaba na son wuri mai santsi marar tsagi. A kan intalok tana maƙalewa a tsakanin tubala, in an share ta taho da yashi, mai saye ya tauna tsakuwa ya rage kuɗi. Don wannan aiki, daɓen siminti sumul ko tamfol ya fi intalok da dutse duka. Albasar Aliero kuwa akasin haka take so, inuwa da iska, nesa da ƙasa mai zafi. Wanda ya jibge ta a kan kankare da rana ya dafa ta da kansa. Ga kuma tsintsiya. Matar da ke share gida sau biyu a yini ita ta san bambancin wuri sumul da wuri mai tsagi 5,000, inda ciyawa ke tsirowa da damina, cinnaka da kunama ke samun mafaka in yashin ya zube.

In aka auna duk wannan, ga abin da ya fito. Ga yawancin gidajen waɗannan garuruwa uku, rufe tsakar gida duka da abu ɗaya kuskure ne, kowane abu ne kuwa. Intalok mai kyau ya dace da ƙofar gida, da inda mota ko babur ke tsayawa, da 'yar hanyar da ta tashi daga zaure zuwa ɗakuna da bayan gida, don a tsira daga taɓon damina. A nan ya fi dutse, saboda sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, kuma ana samun masu aikinsa a gari. Marmarar gida wurinta ƙarƙashin shimfiɗa, da gindin katanga inda ruwan indararo ke dukan ƙasa, da bakin rijiya, da cikin kwata. A waɗannan wurare siminti ba ya kamo ta a ƙarko, kuma kusan kuɗin ɗauko ta kawai za a biya. Giranit da aka ɗauko daga nesa, mai hali na iya sa shi a dakalin zaure ko matakala, inda ake son abin da zai daɗe kuma ake ganinsa, amma a bar fuskarsa da kaushi. Wurin shanya a yi masa daɓe sumul. Wurin turmi da murhu da gindin bishiya a bar su ƙasa. Dogon yaro yana da saiwa mai ɗaga shimfiɗa, gaskiya ne, amma maganin wannan shi ne a ba shi fili kamar taku biyu ko uku kewaye da gindinsa, ba a sare shi ba.

Gangara kuwa a fara auna ta kafin a sayi tubali ko ɗaya. Santimita 2 a kowace mita ta isa ta kai ruwa inda ake so, kuma ta nisanta shi daga gindin ɗaki. Inda fili ya samu, a haƙa rami a kusurwar da ta fi gangare, nesa da rijiya da masai da tushen gini, a cika shi da gutsattsarin marmara, ruwan farko ya nutse a nan kafin ragowar ta fita rariya. Lokacin aikin shi ne bayan kaka, sa'ad da ƙasa ta bushe kuma sanyin hunturu zai bar kankare ya nuna a hankali. Kafin birkila ya ja igiya, a kira uwargida da sauran matan gidan su zagaya da shi, su nuna masa inda ruwa ke kwanciya a Agusta, da inda inuwa ke kaiwa da la'asar, da inda turmi ke zama.